Yadda ake adana bununin okid da yin barbara da shi a gida

Duk wanda ya taɓa ratsa gonar gero lokacin da ta fitar da kai ya san bununi, garin nan rawaya da ke manne wa riga da gashin ido. Iska ce ke kwasarsa daga wannan zangarniya ta kai wa waccan, ba wanda ya sa hannu. Na okid, furen nan na ado da ake rainonsa a tukunya, ba gari ba ne. A dunƙule yake, ƙulli biyu ko huɗu ko takwas, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, a ɓoye ƙarƙashin wata 'yar hula, yana jiran wani takamaiman ƙwaro ya zo ya ɗauka. Ƙwaron nan yana can dazuzzukan Asiya ko Amurka ta Kudu, bai biyo tukunyarka zuwa Katsina ba. In kana son iri, da hannunka za ka yi aikin.

Barbarar kanta minti biyu ce. Wahalar tana wajen haɗa lokaci. Ina da okid irin Dendrobium guda biyu a barandar bayan gida, ƙarƙashin ragar inuwa, fari da shuɗi mai ratsin ja. Farin yakan buɗe bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba. Ɗayan kuwa sai hunturu ya juya baya, wajen Maris. Shekara biyu ina kallonsu suna saɓani, sai wata rana Baffana, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana hawan dabino a wajen Daura, ya tarar da ni ina leƙen fure da gilashin ƙara girma. Da na yi masa bayani sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ai barbara ce. Mu ma in namijin dabino ya riga mace fitowa, yanko shi muke mu shanya a inuwa, mu ajiye har ta tsage." Na ce, "Baffa, wannan fa bai kai ƙwayar gero ba." Ya ce, "To sai ka nemi ƙaramin rumbu." Abin da ke biye shi ne yadda ake gina ƙaramin rumbun nan a yanayi irin namu.

Fara sanin furen

Ka ɗauki fure guda ka dube shi ta gaba. A tsakiyarsa akwai wani ɗan ginshiƙi mai kauri, shi ne ya haɗa namiji da mace wuri ɗaya, kuma shi ya bambanta okid da yawancin furanni. A kan ginshiƙin, can ƙarshe, akwai hular da ke rufe da bununi. Ƙasa da hular kaɗan, ta wajen ciki, akwai ɗan kogo mai sheƙi da danƙo, nan ne wurin mace. Tsakaninsu akwai ɗan shinge da ke hana furen yi wa kansa barbara. A bayan furen kuma, abin da kake ɗauka kara ne kawai, nan mahaifa take, ita ce za ta kumbura ta zama kwanson iri.

Ƙullin ya bambanta daga dangi zuwa dangi, kuma sanin haka zai hana ka asara. Na Phalaenopsis da na Vanda suna haɗe da wani siririn zare mai ɗan gam a ƙarshe, da ka taɓa gam ɗin da tsinke sai su biyo ka. Na Dendrobium huɗu ne, biyu-biyu a manne, masu tauri kamar kakin zuma, ba su da zare ba su da gam. Da ka ɗaga hular sai su faɗo, in kuwa suka faɗa cikin yashin tsakar gida ka yi sallama da su. Na Cattleya ma masu tauri ne, da 'yan wutsiyoyi. Paphiopedilum, mai leɓe kamar takalmi, nasa daban ne: wani abu ne mai yauƙi a gefe biyu na ginshiƙi.

Kayan aiki ba su da yawa, kuma babu wanda sai ka aika Legas. Tsinken sakace sabo, hantsaki mai siririn baki, sipirit na goge hantsakin, farar takarda, fensir, kwalba mai murfin da ke rufuwa ruf, irin ta Bama da aka wanke ta bushe sarai, sai silika, 'yan ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a ƙananan ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi ko robar magani. In ka samu kwanson kafso wanda ba a zuba magani a ciki ba, ya fi takarda daɗin aiki.

Ciro bununin

Zaɓi furen da ya buɗe sosai kwana uku zuwa mako guda. Wanda ya buɗe yau bai gama nuna ba, wanda ya yi wata a buɗe kuma ya fara tsufa. Kada ka ciro daga furen da aka fesa wa ruwa ko magani ranar. Ka yi aikin da safe a cikin ɗaki, a kashe fanka, a rufe taga, musamman da hunturu.

Shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin furen. Ka sa tsinke ƙarƙashin bakin hular ka ɗaga ta sama a hankali, kamar mai buɗe murfin tukunya. Ko dai ƙullin ya manne a tsinken, ko ya faɗo kan takardar tare da hular. In yana cikin hular, juya ta ka taɓa gefenta, zai fito. Mai kyau rawaya ne garau, mai ɗan sheƙi. Wanda ya yi ruwan ƙasa, ko ya yi laushi, ko kake ganin farin gashi a jikinsa, zubar da shi.

Ga abin da mutane da yawa ke tsallakewa. Hular da ɗan gam ɗin nan duk nama ne mai ruwa, su ne ke fara yin fumfuna a ajiya. Ka raba su da ƙullin, ka yar. Kada ka taɓa ƙullin da yatsa, gumi da maiƙon hannu sun isa su ɓata shi. Kuma ka sani furen da ka cire wa hula zai yi saurin yaushi, cikin 'yan kwanaki, don haka in akwai baƙin da kake son su ga furen, ka ciro daga na ƙasan kara.

Tsinke ɗaya, tsiro ɗaya. Akwai ƙwayoyin cuta guda biyu da suka addabi okid a duniya, waɗanda ake taƙaita sunansu da CymMV da ORSV, suna bin ruwan jikin tsiro ta kan almakashi da hantsaki, ba su da magani. Tsiron da ganyensa ke da baƙaƙen zane ko furensa ke da dabbare-dabbaren da ba na asali ba, kada ka ɗauki bununinsa ka kai wa lafiyayye.

Busarwa, inda aikin yake

Abu biyu ke kashe bununi a ajiya, danshi da zafi. Danshi ya fi saurin kisa, domin shi ke kawo fumfuna. To amma bushewar da ta wuce kima ita ma kisa take. Masu binciken adana iri a lambun Kew na Ingila sun ga cewa bununin wasu nau'o'in okid yana rasa ransa in aka ƙafar da shi ƙaƙas a kan silika. Yawancin shawarwarin da za ka ji daga masu okid na Turai da kudu maso gabashin Asiya an gina su ne kan iska mai laima, inda sai an yi da gaske abu ke bushewa. Mu nan rabin shekara akasin haka muke fama da shi. Wanda leɓensa ke tsagewa a Janairu ya san ba a koya wa iskar Katsina busar da abu.

Saboda haka ka dubi wata kafin ka yi komai. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, ka ɗora ƙullin a kan takarda, ka kifa kofi a kai ka ɗan tokare gefensa don iska ta shiga ƙura ba ta sauka ba, ka bar shi cikin ɗaki mafi sanyi daga safe zuwa yamma. Ya isa. Ba ya buƙatar kwana biyu, ba ya buƙatar rana ko kusa. Ka kula da tururuwa, suna son shi. Ni nakan ɗora farantin a kan kofi da ke tsaye cikin kwano mai ruwa kaɗan.

Daga Yuni zuwa Satumba kuwa, musamman Agusta lokacin marka, iskar ɗaki ba za ta busar da shi ba, sai ma ta jiƙa shi. A nan ne silika ke aiki. Ka zuba kamar cokali ɗaya a gindin kwalba, ka ɗora auduga ko naɗaɗɗiyar takarda a kai don kada ƙullin ya taɓa ta, ka sa ƙullin a buɗaɗɗiyar takarda, ka rufe kwana ɗaya zuwa biyu.

Silikar da ka ciro daga kwalin takalmi ta riga ta sha danshi ta ƙoshi, sai an farfaɗo da ita. A zuba a busasshen kasko a kan wuta 'yar kaɗan ana juyawa, ko a sa a oben mai zafin digiri 120 na awa ɗaya zuwa biyu, a juye cikin kwalba tun da ɗuminta a rufe. Akwai mai launi, wadda take shuɗiya in ta bushe, ta koma ruwan hoda in ta sha ruwa, ita ta fi sauƙin sha'ani domin tana gaya maka halin da take ciki. Sai dai sinadarin launin ba na ci ba ne, kaskon da ka gasa ta a ciki kada ya koma kicin, kuma a nisanta ta da yara. In babu silika sam, shinkafar da aka gasa sama-sama ta huce tana ɗan taimakawa na 'yan makonni.

Da ya bushe, sai naɗi. Ka yanki takarda kamar faɗin tafin hannu, ka naɗe ƙullin irin naɗin da masu maganin gargajiya ke yi wa gari, ko ka jefa shi cikin kwanson kafso ka rufe. Leda ba ta cikin lissafi, tana tsare gumi. Kada ka tara duk abin da ka ciro a ƙunshi ɗaya. Fure ɗaya, ƙunshi ɗaya, yadda ranar da kake buƙata za ka zari guda ka bar saura. A jikin kowanne ka rubuta sunan tsiron da ranar da ka ciro, da fensir, domin tawadar biro tana narkewa in ta ji danshi. In tsiron ba shi da suna, kamar yawancin waɗanda ake saya a lambunan gefen titi a Abuja ko Kaduna, ka ba shi lamba ka ɗauki hoton furen a waya.

Sannan ka zuba ƙunsassun a kwalbar ajiya da ƙaramin ƙunshin silika guda ɗaya tak. Aikinsa ya tsare danshin da ke shiga lokacin buɗewa, ba ya ci gaba da tsotse bununin ba.

Firji da ɗauke wuta

Wurin ajiya shi ne firji, a sanyin digiri 4 zuwa 5, can ciki ko a aljihun kayan miya. Ƙofar firji ba wurinsa ba ce, nan ne sanyi ya fi hawa da sauka duk lokacin da yaro ya zo ɗaukar ruwa. A irin wannan ajiya, ƙulli mai tauri irin na Dendrobium da Cattleya yakan yi watanni da ransa, sau da yawa har ya zagayo shekara. Na Phalaenopsis ni ba na yarda da shi bayan wata shida. Na Paphiopedilum a yi amfani da shi da wuri-wuri.

Akwai masu daskarar da shi a firiza, kuma inda wuta ba ta yankewa hakan na iya tsawaita kwanansa. A nan ban ba ka shawara ba. Abin da ya daskare da dare, ya narke da rana, ya sake daskarewa da aka kawo wuta, ƙwayoyin cikinsa fashewa suke. Gara sanyi matsakaici da ya dawwama da tsananin sanyi mai zuwa da komawa.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce fulas. Ka samu fulas ɗin abinci mai faɗin baki, ka bar shi a buɗe cikin firji ya yi sanyi, ka sa kwalbar a ciki ka rufe, ka kewaye shi da robobin ruwa. In an ɗauke wuta na awa goma, abin da ke cikin fulas bai san an yi ba. Wanda ke da firji mai sola ya huta. Wanda ba shi da firji gaba ɗaya, akwai tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana rage zafi sosai, amma ba ta kai sanyin firji ba, kuma cikinta danshi ne zalla. In za ka yi amfani da ita, kwalbar ta zama mai rufuwa ƙam, ka kuma ɗauka ajiyar makonni ce.

Kuskuren da ya cinye mini bununin farin Dendrobium na shekarar farko bai da alaƙa da wuta. Ɗoki ne. Nakan ciro kwalbar daga firji in buɗe nan take in duba ko suna nan lafiya. Ka san yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi da an fito da ita? Haka cikin kwalbar da takardun ke yi da iska mai ɗumi ta shiga. Na mayar da ita da raɓar a ciki, sau uku ko huɗu, da Maris ya zo na warware takarda na tarar da ɗan baƙin abu mai gashi. Tun daga nan doka ɗaya nake bi: in kwalba ta fito, sai ta yi awa guda a rufe a kan tebur, gumin jikinta ya bushe, kafin a taɓa murfin. A zari abin da za a zara, a rufe, a mayar. Ka kuma manna mata takarda ka sanar da mutanen gida. Uwargida ta taɓa ɗauko tawa tana neman daddawa.

Busasshen bununi yana tafiya. In kana da abokin sha'awa a Jos, inda sanyi ke sa okid walwala fiye da nan, zai iya naɗo maka a ambulan da ɗan ƙunshin silika a ba direba a tasha. Roƙo ɗaya za ka yi wa direban, kada ya ajiye a gaban gilashi inda rana ke duka.

Wa za a haɗa da wa

Dangin okid sun kai nau'i wajen 28,000, kuma sun fi yawancin tsirrai yarda da auren nesa, amma abin yana da iyaka. Phalaenopsis da Phalaenopsis, ko da danginsa irin su Vanda. Cattleya da Brassavola da Laelia da Epidendrum gida ɗaya ne. Dendrobium sai Dendrobium, kuma ko a cikinsu masu kama da juna sun fi karɓar juna. Ansellia africana, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar damisa, wanda ke fitowa a kan itatuwa a ƙasashen Afirka har da Najeriya, an haɗa shi da Cymbidium. Phalaenopsis da Dendrobium kuwa ɓata bununi ne.

Wani abin takaicin shi ne, wasu daga cikin Phalaenopsis na kasuwa juya ne. Wajen ƙirƙiro su lissafin ƙwayoyin gadonsu ya tashi ba daidai ba, sai su yi kyau amma ba sa haihuwa. In ka gwada sau uku bai kama ba, ba lallai hannunka ne ba.

Uwa ita ke ɗaukar nauyi, saboda haka ta zama tsiro mai ƙarfi, mai saiwoyi da yawa, wanda ya taɓa fure a baya. Ƙaramin tsiro ko wanda bai gama farfaɗowa daga tafiya ba, goyon kwanso na iya kashe shi. In furannin biyu sun bambanta a girma, tsofaffin masu sana'ar sukan sa ƙaramin ya zama uwa, babban ya ba da bununi, domin zaren da bununin ƙaramin fure ke fitarwa ba lallai ya kai ƙarshen dogon ginshiƙi ba. In kana da hali ka gwada ta fuska biyu.

Lokaci ma abin dubawa ne. Phalaenopsis sanyin dare ke sa shi fitar da kara, don haka a nan hunturu ke tayar da shi, furen ya buɗe wajen Fabrairu ko Maris, goyon kwanson kuma ya zo daidai tsakiyar zafin Afrilu da Mayu. Ka yi barbara a furannin farko, ka shigar da uwar ɗakin da ya fi sanyi, kusa da randa, kafin zafin ya kankama.

Ranar barbara

Da sassafe, kafin iska ta bushe danƙon kogon. Fito da kwalba, jira awa guda, zari ƙunshi. Ka warware shi ka bar ƙullin ya sha iskar ɗaki na ɗan lokaci.

A jikin uwar, zaɓi fure mai kwana uku zuwa mako da buɗewa, wanda kogonsa ke sheƙi. Fara cire nasa bununin da sabon tsinke, ka ajiye shi gefe, shi ma abin adanawa ne. In leɓen furen yana tare maka hanya, karye shi, hakan ma yana hana ƙwari sauka. Sai ka ɗauki wani tsinken ka ɗan taɓa bakinsa a danƙon kogon, ka taɓa ƙullin da ka ajiye, zai manne. Kai shi cikin kogon ka danna a hankali har ya zauna. Shi ke nan. Da irin wannan ɗan tsinke ne wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano yadda ake yi wa banila barbara a tsibirin Reyuniyon a 1841, banila kuwa okid ce, kuma har yau da hannu ake yi mata a gonakin Madagaska.

Nan take, kafin ka sha ruwa, ka ɗaura alama a wuyan furen da zare marar matsewa. Sunan uwa ake fara rubutawa, sai alamar ×, sai uba, sai kwanan wata. Ka kwafa a littafi. Fure ɗaya ko biyu a tsiro ya isa. Kwana biyu kada ruwa ya taɓa furen.

Abin da za ka gani, da abin da bai kamata ya ruɗe ka ba

Cikin kwana ɗaya zuwa uku bakin ginshiƙin zai kumbura ya rufe kan ƙullin, furen ya sunkuyar da kai ya yi yaushi. Kada ka yi saurin yin albishir. Tun a 1909 wani masanin tsirrai Bajamushe, Hans Fitting, ya nuna cewa ko mataccen bununi yana sa furen okid yin haka, saboda wani sinadari da ke jikinsa. Shaidar gaskiya tana bayan furen: mahaifar ta ci gaba da zama kore, tana kauri mako bayan mako, jijiyoyinta suna fitowa. In ta yi rawaya ta faɗi cikin mako biyu zuwa wata, bai kama ba.

Ko ta kumbura ma da sauran magana. A okid, ƙwayayen mace ba sa gama samuwa sai bayan bununi ya sauka, don haka ainihin haɗuwar tana zuwa ne a makare, a Phalaenopsis bayan wata biyu zuwa uku. Kwanso na iya girma ya yi kyau, a fasa a tarar da farin gashi babu iri. Wannan ne ya sa in bununin ya daɗe a ajiya nakan gwada fure biyu, ɗaya in sa masa na ajiyar, ɗaya kuma in sa masa sabo daga wani tsiron. In na sabon ya kama na ajiyar bai kama ba, na san laifin rumbuna ne. In duka suka faɗi, uwar ce abin tuhuma.

Busasshen furen da ke maƙale a bakin kwanso, da damina yakan jawo ruɓa, sai a datse shi da reza mai tsabta. Ban ruwa da taki su ci gaba kamar kullum, kada a sauya wa uwar tukunya.

Kafin kwanso ya nuna, Phalaenopsis da Dendrobium irin na kasuwa sukan kai wata huɗu zuwa biyar, Cattleya wata shida ko fiye, Paphiopedilum ya fi su daɗewa. Zafinmu yana gaggauta nuna, saboda haka daga wata na uku ka riƙa dubawa kullum. Da ka ga bakin kwanson ya fara rawaya, ka sa masa 'yar jakar takarda ka ɗaure, don in ya tsage da rana irin zai bi iska.

Irin kamar ƙura yake, dubbai a kwanso guda, a wasu nau'o'in har miliyoyi, kuma ba shi da guzurin abinci irin na gero ko wake. In ka watsa shi a ƙasa ba abin da zai fito. A daji wata fumfuna ce ke ciyar da shi, abin da Bafaranshe Noël Bernard ya gano a 1899. A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna za a iya tsirar da shi cikin kwalba a kan wani abinci mai kama da kamu wanda ya daskare, mai sukari da gishirin taki, in dai babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki. Ana yin wannan a gida da tukunyar matsin tururi, a dafa kwalaben a zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 20, amma darasi ne mai zaman kansa, kuma ƙurar hunturu babbar abokiyar gaba ce gare shi. Ga mai farawa, ya fi sauƙi a yanke kwanson yana kore, kafin ya tsage, lokacin cikinsa a tsabtace yake, a kai wa wanda ke da ɗakin gwaje-gwajen rainon tsirrai. Ka fara neman mutumin tun ranar da ka ga mahaifa ta kumbura, ba ranar da kwanso ya nuna ba.

Daga shuka zuwa furen farko, Phalaenopsis da Dendrobium sukan ci shekara uku zuwa huɗu, Cattleya biyar zuwa bakwai. Okid na farko da ɗan Adam ya haɗa da hannunsa har ya yi fure, Calanthe Dominyi, John Dominy ne ya yi shi a lambun Veitch da ke Ingila, ya buɗe a 1856. Daga lokacin zuwa yau an yi rajistar haɗi sama da 100,000, kuma tun 1961 ƙungiyar masu lambu ta Ingila, RHS, ke riƙe da kundin. In naka ya yi fure kuma ba wanda ya riga ka haɗa iyayen nan biyu, kana da damar raɗa masa suna, ko Gobarau ne ko Kusugu. Takardar rajistar za ta tambaye ka sunan uwa, sunan uba, ranar da aka yi barbara, ranar furen farko, da hotonsa.